Mesata ta cika ta batse: ƙoshi ne ko ciwo?

Mai Kaji na Yelwa: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da tambaya, kuma ina roƙon a amsa min da ilimi, ban da zagi. Shekara uku ke nan ina kiwon wata 'yar mesa, irin ƙaramar nan da ke dunƙulewa kamar ƙwallo idan ta tsorata, ta cusa kanta a tsakiya. Na same ta ba ta wuce tsawon kamu biyu ba. Da yake ina da gidan kaji a bayan Yelwa, abinci bai taɓa yanke mata ba. Ranar Litinin 'yan tsaki biyu, ranar Juma'a ɓera babba, wani lokacin har biyu. Ba ta taɓa ƙi ba. Yanzu ta cika ta batse, duk wanda ya gan ta sai ya ce masha Allah. To amma wata biyu ke nan ina ganin abin da ban gane ba. Ta daina yawon dare. Idan ta naɗe, wurin lanƙwasar sai ya yi ninki-ninki kamar wuyan turkakken sa. Tsakanin ɓawon jikinta kuma ina hango farar fata ta leƙo, ko da ba ta ci komai ba. Jiya na ɗora ta a sikelin da nake auna abincin kaji, kilo 2 da giram 700. Tsawonta mita ɗaya da 'yan kai. Ga hotuna uku nan. Ƙwai ne a cikinta, ko ƙoshi ne kawai?

Ɗan Bolari: Wa alaikumus salam. Masha Allah, ni dai ban ga abin damuwa ba. Dabbar da ta samu kulawa ai dole jikinta ya nuna. Ramammiya ce abin tsoro.

Baba Mai Turke: Yaro, shekarata talatin ina turka raguna. Ragon da ya ƙi dusa shi ake kai wa likita, ba wanda ke lashe kwano ba. Tunda tana ci, bar ta ta ci.

Malamin Bayoloji, Azare: Baba, Allah ya ƙara girma, amma a nan zan ɗan saɓa maka. Rago jininsa mai ɗumi ne, yawancin abin da ya ci yana ƙonewa ne wajen riƙe zafin jikinsa, shi ya sa dole ya ci safe da yamma. Maciji ba ya ƙona komai don ɗumama kansa, daga rana da ƙasa yake aron zafi. Abin da zai ishi ɓera kwana biyu zai iya riƙe maciji mai nauyinsa makonni. Sannan ragon turke wata uku ko huɗu ake yi masa hidima, Sallah ta zo a yanka. Ba a taɓa jiran a ga abin da kitsen zai yi wa hantarsa bayan shekara goma ba. Ita kuwa wannan mesar, idan an kula da ita daidai, tana kai shekara 20 zuwa 30 a hannun mai ita.

Baba Mai Turke: Shekara talatin? Maciji?

Malamin Bayoloji, Azare: Ƙwarai, Baba. A gidan namun daji na St. Louis a Amurka an taɓa samun irinta da aka ƙiyasta shekarunta sun kai 62, har ta saka ƙwai a shekarar 2020.

Likita Tumfure: Salamu alaikum. Yanzu na fito daga wurin aiki na ga wannan zancen. Mai Kaji, na buɗe hotunanka na duba su ɗaya bayan ɗaya. Kafin in ce komai, amsa min abu uku. Ta taɓa zama da namiji? Yaushe ta ci na ƙarshe kafin ka ɗauki hoton? Yaushe rabonta da kashi?

Mai Kaji na Yelwa: Likita, ita kaɗai ce tun da na same ta. Kwana huɗu da cin abincinta na ɗauki hoton. Kashi kuwa ta yi shekaranjiya, lafiya lau.

Likita Tumfure: To. Hoto ba ya maye gurbin hannu, sai na taɓa ta zan tabbatar, amma abin da nake gani ƙiba ce, kuma ta yi nisa. Bari in nuna maka yadda za ka gani da idonka, don gobe ba sai ka jira kowa ba.

Ka shimfiɗa ta a kan tabarma ta miƙe, ka durƙusa ka kalle ta daga gaba, kamar kana leƙa cikin bututu. Lafiyayyar mesa irin wannan jikinta kamar dutsen murhu yake wanda aka goge kusurwoyinsa: ciki a shafe, gefe ya tashi a hankali, gadon baya shi ne ƙololuwa, amma a kwance cikin nama, ba a tsaye kamar wuƙa ba. Idan ƙashin bayan ya fito tsini, gefen ya lotsa, fata ta saki, rama ce. Idan jikin ya zama zagaye sumul kamar taɓarya, an fara wuce gona da iri. Naka hoton na biyu ya ma wuce nan. Duba tsakiyar bayanta da kyau, za ka ga ƙashin bayan ya nutse, nama ya taso ta dama da hagu, har ya yi 'yar kwari kamar tsakiyar burodi. Wannan kwarin ita ce ta fi tayar min da hankali.

Sai ka gangara wajen wutsiya. Ya kamata jiki ya riƙa sirancewa sannu a hankali har ƙarshen jela. A hotonka na uku, daf da mafitar kashi jikin ya yi tudu biyu kamar ƙugu, sai kuma jela ta tsinke ta zama siririya kwatsam, kamar an dasa ta. Kitse ne ya taru a nan. Kanta ma dubi yadda ya zama ƙarami a kan jikin, kamar ba nata ba. Kai ba ya ƙiba, shi ya sa yake zama ma'auni.

Farar fatar da kake gani tsakanin ɓawo, idan maciji ya haɗiye abu babba dole ta bayyana a daidai wurin, kwana biyu ko uku ta koma. Haka mai ƙwai. Amma a ce a miƙe take, cikinta babu komai, fatar tana leƙowa daga tsakiya har ƙugu, wannan fata ce da aka cika ta fiye da yadda aka halicce ta.

Abin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne, maciji ba ya fara tara kitse a ƙarƙashin fata kamar mu. A cikin ciki yake tarawa, wasu curi-curi ne farare a jere, daga wajen matsarmama zuwa kusa da mafita. Kafin ka gani a waje, ciki ya daɗe da cika.

Mai Kaji na Yelwa: Innalillahi. Yanzu na je na shimfiɗa ta kamar yadda ka ce. Kwarin nan tana nan, har yatsana na kwantar a ciki. Kuma da na matsa gefenta a hankali, laushi na ji kamar ƙullin fulawa. Da can idan ta naɗe min hannu har sai na ji jijiyoyina sun tsaya. Yanzu riƙon nata ba ƙarfi. Wallahi ni a zatona gata nake yi mata.

Maman 'Yan Biyu: Ƙanena, kar ka ɗauka kai kaɗai ne. Ban cika magana a zauren nan ba, amma wannan ya taɓa ni. Ɗana na fari ya yi kiwon irin wannan mesar lokacin yana karatu, da ya tafi bautar ƙasa ya bar min amanarta. Ni da ko ƙadangare ba na so, sai ga shi na saba da ita. Duk lokacin da na buɗe akwatin na ga ta ɗago kai tana fitar da harshe, sai zuciyata ta ce yunwa take ji, baiwar Allah ba ta da bakin faɗa. Sai in aika a sayo ɗan tsako. Ya ce min duk sati biyu, ni kuwa na mayar da shi duk kwana uku, ina jin kunyar ya dawo ya tarar ta rame a hannuna. Da ya zo hutu ya ce Mama ta yi ƙiba, na ce ai alheri ne. Bayan shekara ɗaya da rabi ta daina ci gaba ɗaya. Muka ce ko sanyi ne. Wata uku, huɗu, jikin bai ragu ba, amma ƙarfi ya tafi. Wata safiya na same ta a miƙe a gefen kwanon ruwa. Ɗana ya kai ta wurin wani likitan dabbobi ya buɗe cikin don mu san dalili. Ya kira ni na gani da idona. Hantar, maimakon ja mai duhu, ta koma ruwan ɗorawa, tana marmashewa a hannu, ga kitse cunkus ya danne komai. Shekararta shida kacal. Har yau idan na tuna ina jin nauyin abin, don da hannuna na yi, kuma da kyakkyawar niyya.

Likita Tumfure: Allah ya ba da haƙuri, Hajiya, kuma na gode da kika faɗa. Abin da kika gani shi muke kira kitsen hanta. Mugun abu ne saboda ba ya ihu. Dabbar tana nan kyakkyawa a ido, sai ranar da ta daina ci.

Ɗan Bolari: Allah ya jiƙan rai. Amma Likita ina da ja. Idan ta ƙoshi me ya sa take karɓa? Dabba ai ta fi mu sanin cikinta. Kyanwata idan ta ƙoshi ko kifi ka ajiye ba ta kallo.

Jikan Gardi, Alkaleri: Ɗan Bolari, bari in amsa maka da abin da na tashi na gani. Kakana gardi ne, da macizai ya ci abinci har ya tsufa, kuma mu nan bakin dajin Yankari muke, mesa ba baƙuwarmu ba ce. A daji mesa ba ta kiwo kamar akuya. Kwanton ɓauna take yi. Ta samu ramin gafiya ko tsohon suri ta shige, ko ta kwanta a bakin hanyar da ɓeraye ke bi, ta jira. Wataƙila yau, wataƙila sai bayan wata. Wadda ta ce na ƙoshi, bari in bar wannan ya wuce, ba ta san ranar da wani zai sake biyowa ba. Don haka halittarta ita ce duk abin da ya gifta mai ɗumi, ta kama. Ba ta da wani ƙoshi da za ta yi shawara da shi. A daji yunwa ce ke yi mata linzami. A akwati kuwa babu yunwa, kai ne linzamin.

Kakana ba ya ciyar da manyan macizansa sai an ga sabon wata, wani lokacin ma ya tsallake. Idan muka ce Kaka ba ka tausayinsu, sai ya ɗauko ɗaya ya ce mu taɓa. Jiki kamar igiyar rijiya, tauri, sheƙi.

Malamin Bayoloji, Azare: Maganar Jikan Gardi ta dace da abin da aka auna a ɗakin bincike. Waɗannan ƙananan ramukan da ke jere a leɓen mesa na sama, da su take jin ɗumin jikin abin farauta ko a cikin duhu. Ɗago kai da fitar da harshe, Hajiya, shinshina ce, da harshe suke ɗaukar wari. Ba roƙo ba ne.

Akwai kuma abin da mutane ba su sani ba game da narkar da abinci. Wasu masana biyu a Amurka, Stephen Secor da Jared Diamond, sun yi aiki a kan mesar Burma a shekarun 1990. Sun gano cewa tsakanin ci da ci hanjin mesa yana tsukewa ya kwanta, kamar an kashe inji. Da zarar ta haɗiye abu, cikin kwana biyu hanjin ya kumbura ya kusan ninka nauyinsa, iskar da jiki ke sha ta ninku sau da yawa, idan abincin babba ne har ta kai wajen ninki 40. Idan an gama, komai ya koma ya huta. An gina jikin ne a kan aiki mai tsanani sannan dogon hutu. Mai Kaji, kai da kake ba ta Litinin da Juma'a, shekara uku injin nan bai taɓa mutuwa ba.

Mai Kaji na Yelwa: Malam, wannan maganar ta shige ni. To yanzu me zan yi? In daina ba ta kwata-kwata har ta sauke?

Likita Tumfure: A'a, kar ka yi haka. Jikin da ya saba da ci sau biyu a mako, ga hanta da wataƙila ta riga ta gaji, ba a yanke masa lokaci ɗaya. Da sannu aka tara, da sannu za a sauke, kuma ka sa a ranka aikin shekara ne ko fiye.

Wannan watan ka koma sau ɗaya a kwana 10, abu ɗaya tak, ba biyu ba. Wata mai zuwa kwana 14. Daga nan ka kai ta sati uku, ka tsaya a nan muna kallo. Girman abincin kuma ka rage. Ƙa'idar da aka saba faɗa ita ce kada abin ya fi kaurin tsakiyar jikinta, amma ka lura, kaurin taka na yanzu ba na gaskiya ba ne, idan ka auna da shi za ka ci gaba da cusa mata. Ka nemi ɓeran da bai wuce giram 80 zuwa 100 ba.

Ga masu ƙanana da ke karantawa, kar ku ɗauki wannan ku yi wa jarirai. Wadda aka ƙyanƙyashe kwanan nan, mai giram 60 ko 70, tana bukatar ci duk kwana 5 zuwa 7 saboda girma take yi. Mai tasowa kwana 7 zuwa 10. Babba sati biyu zuwa uku, wasu har wata. Kuskuren da aka fi yi shi ne a riƙe jadawalin jaririya har ta girma, ba a canza ba. Ina zaton abin da ya faru da kai ke nan.

Ka samu littafi. Duk farkon wata, bayan ta yi kashi, ka auna ta a sikelin nan ka rubuta, ka ɗauki hoto daga sama a wuri ɗaya. Ido yana sabawa ya daina gani, littafi ba ya sabawa.

Akwatin nata nawa ne girmansa?

Mai Kaji na Yelwa: Irin robar nan ce ta ajiye kaya, tsawonta bai kai mita ba. Akwai kwanon ruwa da tukunyar da take shiga.

Likita Tumfure: Ya yi mata kaɗan. Aƙalla ta iya miƙewa gaba ɗaya. Ka sa kafinta ya haɗa maka na katako mai tsawon mita ɗaya da santimita 20, da ƙofa mai sakata, da ramukan iska. Maɓoya biyu, ɗaya a ɓangaren ɗumi ɗaya a ɓangaren sanyi, don ta riƙa tafiya tsakaninsu. Ka sa reshe mai kauri.

Ɗan Bolari: Reshe kuma? Ai wannan irin ba ta hawa bishiya, a rami take rayuwa.

Malamin Bayoloji, Azare: Haka aka daɗe ana faɗa, amma a ƙasar nan tamu aka nuna ba haka ba ne. Wasu masana biyu, Luiselli da Angelici, sun bi irin wannan mesar a dazuzzukan kudu maso gabashin Najeriya, suka wallafa a 1998. Sun tarar tsuntsaye na da yawa a abincinta, musamman maza, waɗanda suka fi hawa sama. Dabbar da ke kama tsuntsu ba a rami take wuni da kwana ba.

Abu Hanifa na Jahun: Ni tambayata daban ce, ku yi haƙuri. Duk wannan dogon bayani a kan maciji? Mutane na fama da abin da za su ci, ana zancen rage wa maciji ƙiba. Kuma shin ajiye shi a gida ma ya halatta? Ni abin da na sani maciji kashe shi ake yi.

Shugaban Zaure: Malam Abu Hanifa, tambayarka tana da muhimmanci, amma nan ba zauren fatawa ba ne, babu malami a cikinmu da zai yanke. Mai son sani ya je wurin malaminsa. Abin da ke gabanmu dabba ce da ta riga ta shiga hannun mutum.

Maman 'Yan Biyu: Malam, ban isa in yi fatawa ba. Amma duk mun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abinci ba. Abin da na fahimta shi ne duk abu mai rai da ka kulle, haƙƙinsa na wuyanka. Ni na kulle, na ciyar, amma ban nemi sanin yadda ake ciyarwa ba. Shi ya sa nake ganin zancen nan ba ɓata lokaci ba ne.

Abu Hanifa na Jahun: Na ji, Hajiya. Ban canza ra'ayi kan ajiyewar ba, amma maganar haƙƙi gaskiya ce.

Nas daga Kaltungo: Tunda an buɗe wannan ƙofar bari in shigo. Ni a garin da aka san shi da asibitin masu saran maciji nake, kuma abin da idona ya gani lokacin shuka da lokacin girbi ba zai faɗu a nan ba. Ina roƙon matasan da ke karanta zancen nan suna sha'awa: mesa ba ta da dafi, amma kububuwa, kasa da gamsheƙa ba abin kiwo ba ne, ko an ce muku an cire haƙori. Haƙori yana sake fitowa. Kuma ƙaramar kasa da ƙaramar mesa, wanda bai sani ba zai iya rikita su, dukkansu gajeru ne masu kauri da zane. Kar wanda ya ɗauko abu a gona ya ce zai gwada.

Na biyu, Mai Kaji, ɓerayen da kake ba ta daga ina?

Mai Kaji na Yelwa: Tarko nake sawa a ɗakin ajiyar abincin kaji, Anti. Suna da yawa.

Nas daga Kaltungo: Abin da na ji tsoro ke nan. Don Allah ka daina daga yau. Bauchi na cikin jihohin da zazzaɓin Lassa ya fi kamari duk shekara, musamman da rani, kuma ɓeran gida da na gona mai yawan nonuwa shi ke ɗauke da cutar, a fitsarinsa da kashinsa da jininsa. Kai kana kama shi da hannu, kana cire shi daga tarko. Ba mesar nake ji wa ba, kai da iyalinka nake ji wa.

Likita Tumfure: Na gode, Anti, wannan ya wuce ni ban tambaya ba. Ita ma mesar yana cutar da ita. Ɓeran waje yana zuwa da tsutsar ciki, kuma ba ka san ko ya ci maganin ɓera a gidan maƙwabci ba.  Mafita ita ce ka samu fararen ɓerayen da ake kiwo, ka riƙa hayayyafa su da kanka a keji mai tsabta, ba wuya ga mai kaji. Kafin nan ka riƙe ta da ɗan tsako ɗaya. Kada ka jefa mata mai rai ka tafi. Na ɗinke bayan mesar da ɓera ya gwaguya har ƙashi cikin dare ɗaya, saboda ba ta jin ci, shi kuma yana jin yunwa. Kuma duk lokacin da ka taɓa ta ko ka wanke akwatin, sabulu da ruwa, don masu jan ciki suna ɗauke da ƙwayar cutar salmonela mai sa gudawa. Yara ƙanana kada su taɓa.

Ɗan Gwallameji: Likita, ni kuma wani mai sayarwa ne ya ce min in riƙa ɗura wa tawa duk kwana huɗu don ta kai kilo ɗaya da rabi da wuri ta fara ƙwai. Ya ce haka masu kiwon waje ke yi.

Likita Tumfure: Wasu na yi, kuma a can ma masu hankalinsu suna Allah wadai da shi. Gaskiya ne ana son mace ta kai wajen giram 1,500 kafin a haɗa ta da namiji, amma tare da shekaru, kamar uku. Nauyin da aka tara da gaggawa kitse ne, ba ƙashi da tsoka ba. Ƙwai kuma da tsoka ake turo shi. Macen da kitse ya cika wa ciki, tsoka ta yi laushi, ita ce ƙwai ke maƙale wa, daga nan sai tiyata ko asara. Mai sayarwa ya riga ya karɓi kuɗinsa, kai za a bari da gawa.

Jikan Gardi, Alkaleri: Ƙari a kan haka, ku daina saye a hannun masu tono rami. Yawancin waɗanda ake fitarwa ƙasashen waje daga Gana, Togo da Benin suke tafiya, da takardu, don mesa na cikin dabbobin da yarjejeniyar CITES, wato ta cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, ta sa wa ido. Mu nan ana tone uwa da ƙwanta a sayar a bakin titi. Ita ce kuma ke cinye mana ɓerayen gona.

Baba Mai Turke: To, na saurara. Yau na ƙaru. Amma Likita, abu ɗaya. Ka ce wadda ta daina ci tana cikin haɗari, kamar ta Hajiya. Idan yaron nan ya rage mata, ta zo ta ƙi ci, yaya zai bambance?

Likita Tumfure: Tambaya mai kyau, Baba. Irin wannan mesar ta shahara da yajin ci. Da hunturu takan yi wata biyu, uku, har fiye, ba ta karɓi komai ba, musamman maza, kuma lafiyarta ƙalau. Haka idan za ta yi saɓa, ido ya yi fari-fari, ba ta ci. Littafin nan shi zai raba gardama. Idan ta ƙi ci amma nauyi na tsaye ko yana sauka kaɗan-kaɗan, tana fitar da harshe, tana riƙe hannu da ƙarfi, a bar ta, a sake gwadawa bayan sati biyu. Idan kuwa jiki ya saki, ko tana numfashi da baki a buɗe, ko majina, ko kumburi a wuri ɗaya mai tauri, ko ta amayar da abinci, wannan ba jira. Kumburin wuri ɗaya ba ƙiba ba ce, yana iya zama kashi ya toshe, ko ƙwai, ko ƙari, sai an ɗauki hoton ciki.

Mai Kaji, idan za ka iya shigowa Gombe da ita, ka sa ta a jakar atamfa mai numfashi, ka ɗaure, ka sa a kwali, kada rana ta buge ta a mota. Ina so in taɓa cikin da hannuna, mu duba kashinta saboda ɓerayen nan.

Mai Kaji na Yelwa: In sha Allah ranar Asabar zan shigo motar safe. Na gode muku duka. Anti, tarkon na kwashe su, na sa safar hannu na wanke ɗakin da bilic.

Mai Kaji na Yelwa: Salam 'yan zaure, na dawo da labari bayan wata biyu da rabi. Likita ya duba ta, babu ƙwai, amma an samu tsutsa, an ba ta magani. Kafinta ya haɗa akwatin. Yanzu muna kan sati biyu-biyu. Awon farkon watan nan kilo 2 da giram 580. Kwarin bayan tana nan, ƙugun ma yana nan, ban ga wani canji a hoto ba tukuna. Amma daren jiya na fito duba kaji wajen ƙarfe biyu, na haska tocila, na same ta rabin jikinta a kan reshen, kai a sama tana shinshina ramukan iska. Rabon da in ga haka tun tana 'yar shekara ɗaya. Abin da ya fi min wuya shi ne ranar Juma'a, idan na wuce ta ɗago kai. Hannuna har yanzu yana so ya kai kejin 'yan tsaki.

Likita, sanyi ya fara shigowa, da asuba ɗakin yana yin sanyi sosai. In ci gaba da jadawalin ko in dakata?

Likita Tumfure: Alhamdu lillahi, giram 120 a wata biyu da rabi daidai ne, kar ka nemi fiye da haka. Ka sayi ma'aunin zafi ka sa a ƙasan akwatin, ba a bango ba. Ɓangaren ɗumi ya riƙa kai digiri 31 zuwa 32, na sanyi kada ya sauka ƙasa da 24. Idan wuta ba ta tsaya maka ba har ka kasa riƙe ɗumin, kada ka ba ta abinci a makon, don a cikin sanyi ba ya narkewa, ruɓewa yake yi ta amayar. Jarkar ruwan ɗumi a naɗe da tawul a jikin akwatin ta waje tana taimakawa da dare. Ban da gawayi a ɗakin. Ka turo min awon wata mai zuwa da hoton daga sama.